Kafin a Cike Tafkin Babanka

Kafanchan

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, ya kai ka Kagarko lafiya, ya sa ka fara sabon aikinka da ƙafar dama.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa daga uwar da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da naka. Tun da takardar aikinka ta fito ka zama baƙo a gidan nan. In na shigo falo sai ka tuna kana da kira a waya, in na fito tsakar gida sai ka tuna babur ɗinka na neman mai. Na gaji da bin ƙeyarka da ido. Shi ya sa na rubuta, na ba matarka Tabitha ta ɗora maka a kan jakar tafiyarka, inda ba za ka ce ba ka gani ba.

Jiya da hantsi ina bayan gida ina tsince ruɓaɓɓen ganyen bado daga ɗan tafkin babanka, sai ga ƙanensa Bitrus. Ko gaisuwar kirki bai yi ba, ya hau zagaya tafkin yana aunawa da ƙafa kamar mai sayen fili. Na ce, "Lafiya, Bitrus?"

Ya ce da irin Hausarsa da ka sani, "Ba wahala, matarmu. Ina duba ne ko tifa ɗaya zai isa. Ishaku ya ce in ya tafi in kawo jan ƙasa mu rufe wannan ruwa. Ka san matan shi yana da ciki, kuma a nan zai zauna da kai har ya haifu. Ba mu son abin da ya faru ya sake faru."

Na ce, "Ishaku ne ya faɗa maka haka?"

Ya ce, "Da bakin shi. Ya ce wai ba ya so ya ɓata maka rai."

To, sannu da ƙoƙari, ɗana. Ba ka so ka ɓata mini rai, sai ka tsallake ni ka je ka aiko mini da Bitrus, kuma ka shirya abin ya zo bayan motarka ta wuce, yadda kukana ba zai kai kunnenka ba. Raina ya ɓaci, ban kuma ɓoye maka ba. Na zauna a bakin tafkin nan har rana ta take, na kasa ɗaga ko bokiti. Duk da haka ba zagi na zauna rubuta maka ba. Za ka fita ka zama mai gidan kanka, kuma abin da nake da shi na guzuri shi ne ɓarnar da na yi da hannuna a bakin ruwan nan. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka yanke abin da za ka yanke.

Kana ƙarami babanka ya haƙa tafkin, lokacin da ya bar aikin jirgin ƙasa. Abokansa kowa ya kama abin yi, wani noman citta, wani kiwon alade. Shi kuwa ya ɗauki diga ya haƙa rami a bayan gida wanda bai fi faɗin ɗakin girkinmu ba, ya shafe shi da siminti, ya je rafi ya tono saiwar bado, ya kamo 'yan ƙananan kifaye a cikin jarka. Unguwa ta samu abin dariya. Ni ma na yi dariyar, har na ce masa wasu mazan suna kawo wa matansu buhun masara, ni nawa ya kawo mini kwaɗi. Da yamma sai ya fito da kujerarsa da rediyonsa ya zauna yana kallon furen bado yana rufewa.

A daminar farko ya tafi ƙauye gaisuwar mutuwa, ya bar mini gida. Wata safiya na leƙa wani lungu na tafkin inda ciyawa ta rufe, na ga 'ya'yan sauro suna ta wutsil-wutsil. Gabana ya faɗi, domin ku biyu nake da su, kai da ƙanwarka Briskila tana goye. Na san abin da muke yi wa kwata da masai tun muna yara, don haka ban tambayi kowa ba. Na je wajen makanike na karɓo baƙin mai a gwangwani, na zo na tsiyaye shi kaf a kan ruwan, na koma girkina ina jin kaina mace mai dabara. Kashegari kifayen nan duk sun taso ciki sama. Ganyen bado ya yi baƙi ya lanƙwashe, kwaɗi sun mutu a gefe, wari ya cika gida. Da babanka ya dawo ya daɗe a tsaye yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Saratu, kin kori ɓarawo, kin haɗa da mai gadi." Daga nan ya tuɓe riga ya kwashe ruwan da bokiti, ya yi ta dirzar simintin da toka da sabulu har hannunsa ya saɓule.

A ranar na san cewa kifayen nan da nake rainawa su ne suke cinye 'ya'yan sauron, kuma lungun da na gani ciyawa ce ta hana su shiga. Lauje kawai abin yake bukata. Ka riƙe wannan, Ishaku: in tsoro ya kama ka, kada ka rarumi maganin da ya fi girma don kawai shi ne a kusa. Ka tsaya ka tambayi wanda ya san yadda abin yake aiki, ko da kuwa tambayar za ta sa a ga ba ka sani ba. Za ka shiga ofis a Kagarko ka tarar da abubuwan da ba su yi maka ba, kuma za ka ji hannunka yana ƙaiƙayin rushewa. Tifar da ka yi odar nan ba ta da bambanci da gwangwanina, sai dai ta fi shi tsada.

Kana tsammanin na yi hankali daga nan? Ina! Da ya sake zuba kifi, sai na fara mita. Na ce mene ne amfanin kifin da bai kai ɗan yatsa ba, wanda ko a miya ka sa shi sai ka nemo shi da tocila? Na tafi kasuwa na sayo tarwaɗa masu rai na jefa a ciki, ina lissafin farfesun Kirsimeti. Na kuma shiga ɗura musu abinci kamar na samu marayu: dusa, ragowar tuwo, ƙanzon shinkafa, duk abin da ya saura a tukunya sai tafki. Tarwaɗa suka bi 'yan ƙananan suka haɗiye, waɗanda suka tsira kuma suka ƙoshi da tuwona suka daina farauta. Ruwa ya yi kore ya yi yauƙi. Sauro ya dawo da iyalinsa, har sai da babanka ya daina zaman yamma.

Wannan karon ya zaunar da ni ya koya mini, kuma abin da ya koya mini shi nake yi har yau. Tarwaɗa ba ta zama a ƙaramin ruwa tare da ƙananan kifi. Karfasa kaɗan tana iya zama, amma aikin sauro na 'yan ƙananan ne masu yawo a saman ruwa. Ba a cika su da abinci, a bar su da 'yar yunwa. Ganyen bado in ya yi yawa a rage shi, rabin ruwan ya zama a buɗe. Kainuwa kuwa ko ɗaya kada a bari, domin yau guda ce, jibi ta rufe ko'ina. A nome ciyawar baki, a kwashe ganyen mangwaro da ya faɗa kafin ya ruɓe. Sannan a riƙa ɗibar ruwan gefe da farin kwano a duba a rana, domin a farin kwano ko tsutsa ɗaya ba ta ɓuya. Ni da na yi shekaru ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, sai ga ni tsugune da kwano ina ɗaukar darasi a bayan gidana, kuma bai taɓa yi mini gori ba.

Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, kada ka auna kowane abu da tukunya. Akwai abin da amfaninsa ba ya shiga baki, akwai kuma mutanen da aikinsu ba ya ganuwa sai ranar da babu su. Matarka tana cikinsu. Kuma son da ya wuce kima ɓarna yake yi, ko a kifi ko a yaro, ka tuna da wannan in abin da ke cikin Tabitha ya iso.

Ya kuma zagaya da ni gidan ya nuna mini inda sauron yake haihuwa da gaske: gwangwanin tumatir a bayan katanga, fasasshiyar tukunya, kwanon ruwan kaji da ba a zubarwa, tsohuwar taya. Da ka tashi neman mai ba ka shawara a kan sauro, ka leƙa gidan Bitrus kuwa? Tayoyi jere a kan kwanon ɗakinsa suna danne shi, kowace da ruwanta tun farkon damina. Durom biyu a buɗe. Kwatar da ke fita daga ɗakin aladensa ta yi tafki nata na kanta, har agwagin unguwa sun san hanya. Laifi tudu ne, ya take nasa yana hango nawa.

Yanzu bari in zo inda kake jira, inda ni da kai muka yi shekaru muna kewayewa.

Babanka ya rasu da faɗuwar ruwan farko. Kai kana makaranta a shekararka ta ƙarshe, aka kira ka ka dawo. Ka san yadda muke yi. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗaki, 'yan Zumuntar Mata suka kewaye ni da waƙa, dangin miji suka karɓi gida. Matar mamaci ba ta tashi, ba ta shiga ɗakin girki, ba ta da baki a kan abin da ake yi a tsakar gida. Mutane suka yi ta sauka daga ƙauye mota-mota, daga Zangon Kataf, daga Kauru, kowa kuma sai ya ci. Shinkafa ta ƙare aka sake ɗorawa. Ranar jana'iza da safe sai na ji muryar Bitrus ta taga yana cewa, "Ga kifi nan banza a bayan gida, fastoci da surukai suna zuwa, za mu ba su shinkafa gaya ne? Mai kifin ma ya tafi. Ku kawo raga."

Babu raga a gidan nan, ba mu taɓa bukatarta ba. Sai wani ya shiga ɗakin Briskila ya kwance gidan sauronta daga kan gado. Da shi suka ja tafkin daga wannan baki zuwa wancan, suka sake ja. Komar masunta tana barin ƙaramin kifi ya wuce, amma gidan sauro ba ya barin komai. Karfasa ta tafi tukunya. 'Yan ƙananan da ba wanda yake so aka zazzage su a ƙasa, kaji suka yi biki. Gidan sauron ya yage a wuri uku, aka dunƙule shi aka jefa bayan katanga.

Duk ina ji, Ishaku. Tagar tana buɗe, kuma na san abin da ruwa marar kifi yake zama a damina, na fi kowa a gidan sani. Na yunƙura zan tashi, sai wata dattijuwa ta dafa gwiwata ta ce, "Zauna, 'yata. Kada su ce mijinki bai shiga ƙasa ba kina kukan kifi." Na koma na zauna. Na ji kunyar Bitrus, mutumin da bai ji kunyar shiga ɗakin yarinya ya kwance mata gado ba. An ce kunyar marar kunya asara ce, ni kuwa na yi asarar da ba a mayarwa. Baƙi suka sha farfesu suka yaba, suka ce iyalin marigayi Yohanna sun fita kunya.

Bayan an watse sai aka ce mini ba zan fita aiki ba sai kwanakin zaman makoki sun cika. Na bi. Ruwan sama yana sauka, bado ya rufe tafki, ganye yana ruɓewa a ciki, ba mai dubawa. Ban aiki kowa rafi ya kamo kifi ba, ban ce a kwashe ruwan ba, ban tuna yarinyata tana kwana babu gidan sauro ba. Kaina yana kabari tare da babanka. Da jikin Briskila ya yi zafi, na ce kewar uba ce. Na ba ta maganin ciwon kai na ce ta kwanta. Kashegari ta ƙi abinci, na ce duk gidan ma ba mai ci. Sai da ta fara jijjiga da rana tsaka sannan na ƙwala ihu, kai ka sungume ta ka hau babur da ita zuwa asibiti. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Suka ce zazzaɓin ya riga ya hau kanta. Kai ka dawo da ita, kuma a kan tabarmar da na yi zaman babanka na yi nata.

Ko sauron tafki ne ya cije ta, ko na kwata, ko na gidan wani, Allah kaɗai ya sani, sauro ba ya zuwa da takardar garinsu. Ba zan yi maka ƙarya in ce tafkin ba shi da hannu ba. A wannan daminar ramin ruwa ne kawai, kuma na ga abin da ke cikinsa da idona ranar da na fito. Amma wa ya mai da shi haka? A gaisuwar Briskila, Bitrus ya zauna a gaban dattawan ikkilisiya yana girgiza kai yana cewa, "Tun da daɗewa na ce wannan ruwa zai ci mutum." Ba wanda ya tambaye shi wa ya ja ragar. Har yau bai taɓa cewa mini ko "sori" ba, kuma yana zama a layin gaba ranar Lahadi yana ɗaga murya fiye da kowa. Na yi addu'a Ubangiji ya ba ni ikon gafarta masa. Wata rana ina jin na iya, wata rana in na hango shi sai in sauya hanya.

Ga shawarata, kuma da jini na saye ta. Al'ada tana da kyau, ita ta kawo mutanen da suka riƙe ni ranar da ƙafata ta kasa. Amma ranar da aka ce ka yi shiru don kada a yi da kai, alhali ka san abin da ake yi zai cuci wanda ke ƙarƙashinka, ka tashi ka yi magana, a yi da kai ɗin. Masu cewa "me mutane za su ce" duk sun koma gidajensu kafin la'asar. Kuma zazzaɓi a jikin yaro ko mai ciki ba a yi masa fassara. Ba kewa ba ce, ba haƙori ba ne, ba gajiya ba ce, sai an gwada jini a ranar. Ka faɗa wa Tabitha haka, ni ma na faɗa mata, kuma gidan sauronta na duba shi da kaina, ba huji ko ɗaya.

Ka taɓa tambayar kanka dalilin da ya sa ban cike tafkin a lokacin ba? Na yi niyya. Na ɗauki shebur na tsaya a bakinsa. Sai na ga shatin yatsun babanka a jikin simintin, inda ya lallaɓa gefen da hannu don kada ya yanki ƙafar yara. Gonar ƙauye 'yan'uwansa sun karɓa, kekensa da rediyonsa an raba, har kujerar zaman yamma wani ya ɗauka. Wannan kaɗai suka bari, don ba ya ɗaukuwa. Na ajiye shebur na ɗauki bokiti. Na kwashe ruwan ni kaɗai, na wanke, na ɗaura zane na tafi rafi da jarka ina bin yara masu kamun kifi ina roƙo, mata suna nuna ni da baki wai baƙin ciki ya taɓa kan Malama. Tun daga ranar ban taɓa barin tafkin nan ya kwana babu kifi ba, kuma farin kwanona bai taɓa nuna mini abin da zan ɓoye ba. Kai kuwa tun daga ranar ba ka sake taka bayan gida ba. In za ka ɗebo itace sai ka zagaya ta waje. Ina gani, na yi shiru, na ce lokaci zai gyara. Shi ma kuskure ne, domin ga inda shirun ya kai mu, muna gida ɗaya ina rubuta maka wasiƙa.

Da Bitrus ya fita jiya, Tabitha ta zo ta same ni da kofin kunu. Ashe ta ji komai daga ɗakin girki. Na ce mata, "'Yata, faɗa mini gaskiya. In ruwan nan yana ba ki tsoro, ba sai an kira tifa ba."

Ta ce, "Mama, ni ba wanda ya tambaye ni. Ko shi bai gaya mini ba. A nan ne ma nake samun iska in zafi ya dame ni. Sauro kam a baranda ya fi cizona, ta wajen kwatar nan."

Ka ji. Da sunanta ka yi odar ƙasa, amma ba ka tambaye ta ba. Mata biyu ne za su zauna a gidan nan bayan ka tafi, ka yanke musu hukunci da wani namiji a waje, kamar yadda aka yanke mini ina kan tabarma. Ba haka babanka ya yi da ni ba, ko a ranar da na kashe masa kifi. In ka fara aure da wannan hali, za ka wayi gari matarka tana gaishe ka da ladabi, tana ba ka abinci a kan lokaci, ba ka kuma san komai da ke cikinta ba.

Ban ce tsoronka banza ne ba. Kai ka ɗauki yarinyar nan a hannunka, ka ji zafin jikinta a ƙirjinka, kuma ba wanda ya zaunar da kai ya tambaye ka yadda ka ji, har ni. Wanda ya ga haka yana da dalilin ƙin ruwa. Jikan nan da ke zuwa kuma ya fi mini tafki, ya fi mini bado, ya fi mini shatin yatsun kowa. Gidan naka ne yanzu, haka al'ada ta ce, kuma ba zan kwanta a gaban tifa in ba unguwa abin kallo ba. In ka ce a cike, za a cike.

Amma ba bayan ka tafi ba, kuma ba da hannun Bitrus ba. Mutumin nan ba zai taɓa ruwan babanka sau biyu ina raye ba. Ka kira shi ka ce ya dakata. Kafin ka hau mota ka zo bayan gida da ƙafarka, ka duba ruwan da idonka, ka tambayi matarka a gabana. In har yanzu zuciyarka ta ce a rufe, sai mu kwashe kifayen da ransu ka mai da su rafi, sannan ka ɗauki shebur ka zuba ƙasar farko da hannunka. Ni zan tsaya a gefenka, ba zan yi kuka ba.

Kuma in ka zo, ka faɗa mini abin da kake riƙe da shi tun ranar da ka dawo da ƙanwarka. Na san ba ruwan kake tuhuma ba, ruwa ba shi da kunne, ba shi ya ji ana jan raga ya koma ya zauna ba. Ka dube ni ka ce, "Mama, kin ji, kin sani, ba ki tashi ba." Gaskiya ce, kuma zan iya ɗaukarta daga bakin ɗana. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne in tsaya a tsakar gida ina kallon tifa tana faɗa mini a madadinka, kai kuwa kana can Kagarko kana gaishe ni ta waya.

Ubangiji ya kiyaye ka a hanya, ya tsare ka daga haɗari da mugun ji da mugun gani. Ya ba ka abokan aiki masu tsoronsa, ya sauki Tabitha lafiya, ya ba ka ɗa ko 'yar da za ta iya duban idonka ta faɗa maka laifinka tun kana da sauran lokacin gyarawa. Ya gafarta mini, ya gafarta maka. Salamarsa ta kasance tare da kai duk inda ka sa ƙafa. Amin.

Da safe ina bayan gida. Ƙofar a buɗe take.

Mahaifiyarka,
Saratu